Yadda ake gano ƙaramar kafar da tururin fetur ke zurarewa a mota

Daga cikin abubuwan da suka fi ɗaure wa masu motocin da aka shigo da su daga Amurka kai, akwai wata fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji, wadda kan kama a gaban direba alhali mota tana tafiya lafiya ƙalau, ba ta zafi, ba ta hayaƙi, ba ta kuma zubar da mai a ƙasa.

Idan aka je gareji bakanike ya jona na'urar bincike, sau da yawa lambar da kan fito ita ce P0442 ko P0456.

Ma'anar lambobin biyu ita ce kwamfutar motar ta lura cewa akwai wata 'yar kafa da tururin fetur ke bi yana fita daga inda aka killace shi. Kafar kan yi ƙanƙantar da ido ba ya iya ganinta, dalilin ke nan da ya sa mutane da dama ke kashe kuɗi wajen sauya kayayyakin da lafiyarsu ƙalau, bayan 'yan kwanaki fitilar ta dawo.

Asalin tsarin

Man fetur yana da saurin zama tururi, ko da kuwa mota tana ajiye. A motocin da, wannan tururi kan fice ne kai tsaye ya bi iska.

A farkon shekarun 1950 wani masanin sinadarai mai suna Arie Haagen-Smit, na jami'ar Caltech, ya nuna cewa hazon da ke turnuƙe birnin Los Angeles yana haɗuwa ne idan hasken rana ya bugi tururin mai da iskar da ke fita daga salansar motoci. Ban da haka, tururin na ɗauke da sinadarin benzin, wanda aka tabbatar yana haddasa sankarar jini.

Jihar Kalifoniya ce ta fara tilasta wa kamfanoni killace tururin a motocin shekarar 1970, sauran jihohin Amurka suka biyo baya a 1971. Wannan tsari shi ake kira EVAP a taƙaice.

Yadda yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Ana rufe tanki ruf, sai a ja tiyo daga samansa zuwa wani gwangwani da aka cika da gawayi na musamman, wanda ke tsotse tururin ya riƙe shi. Akwai bawul guda biyu. Na farko yana kusa da inji, a rufe yake sai kwamfuta ta buɗe shi domin inji ya zuƙi tururin ya ƙona. Na biyu yana jikin gwangwanin, a buɗe yake domin shigar iska, ba a rufe shi sai lokacin gwaji.

Yadda mota ke gwada kanta

Tun daga motocin shekarar 1996 dokar Amurka ta wajabta tsarin binciken kai da ake kira OBD-II. Da farko an buƙaci mota ta iya gano kafa mai faɗin inci 0.040, wato kimanin milimita 1. Daga shekarar 2000 Kalifoniya ta fara tsaurara ƙa'idar zuwa inci 0.020, wato rabin milimita. Galibi P0442 na nuni ne da ta farkon, P0456 da ta biyun, yayin da P0455 ke nufin babbar kafa, kamar a ce an manta murfin tanki a gidan mai.

Ƙa'idar Turai ba ta wajabta irin wannan gwaji ba. Saboda haka motocin da aka ƙera don kasuwar Turai, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam, suna da gwangwanin gawayi, amma ba kasafai suke nuna waɗannan lambobi ba.

Domin yin gwajin, kwamfuta kan rufe bawul na biyu, ta sa a zuƙe iska kaɗan daga tanki, sannan ta duba tsawon lokacin da iskar waje za ta ɗauka kafin ta koma ciki. Wasu motocin na amfani da zuƙar inji, wasu kuma suna da ɗan ƙaramin famfo na musamman. Motocin Toyota da dama kan yi nasu gwajin ne kimanin sa'o'i 5 bayan an kashe inji. Mai gidan da ya ji wani ɗan ƙugi na tashi daga ƙarƙashin motarsa da tsakar dare kada ya tsorata, famfon ne ke aikinsa.

Sai dai kuma gwajin na da sharuɗɗa. A yawancin motoci dole ne man da ke tanki ya kasance tsakanin kashi 15 zuwa 85 cikin 100, inji ya yi sanyi, zafin yanayi kuma kada ya wuce digiri 30 zuwa 35. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, da kuma hannun direban da kullum mansa ke can ƙasa, mota na iya shafe makonni ba ta yi gwajin ba. Don haka rashin dawowar fitila da wuri bayan an goge lamba ba hujja ba ce ta cewa gyara ya yi.

Daga ina ake farawa?

Daga murfin tanki, domin shi ya fi arha, shi ne kuma ake buɗewa a kai a kai. A duba robar da ke kewaye da shi ko ta bushe ko ta tsage, a goge ƙurar da ke bakin tankin, a murɗa shi har sai ya yi ƙara. Idan za a sauya, a nemi na ainihin samfurin motar, domin murfi na iya shiga daidai amma bai toshe ba.

Bayan haka sai bawul na kusa da inji. Idan aka cire shi ba tare da wuta a jikinsa ba, bai kamata iska ta ratsa shi ba ko kaɗan. Wanda ya maƙale a buɗe yakan nuna wata alama: mota ta riƙa wuyar tashi da zarar an gama shan mai.

Idan waɗannan biyu lafiyarsu lau, to aikin ya koma ga na'urar hayaƙi. Bakanike kan rufe bawul na biyu ta hanyar na'urar bincike, in ba haka ba duk hayaƙin ta nan zai fice, sannan ya tura farin hayaƙi cikin tiyo, ya bi da tocila mai ƙarfi yana neman inda yake tsirtowa. Wasu na'urorin na haɗawa da rini mai ƙyalli, wanda ke barin tabo a bakin kafar. Inda ake shakka, ruwan sabulu kan taimaka, kamar dai yadda mai faci ke neman huji a taya.

A nan akwai gargaɗi. Ƙarfin iskar da ake turawa bai wuce kimanin rabin psi ba, alhali tayar ƙaramar mota na ɗaukar sama da 30. Duk wanda ya jona injin mai faci a tanki zai iya fasa na'urar auna iska ko ya kumbura tankin. Haka kuma iskar naitirojin ta fi aminci a wannan aiki, saboda cuɗanya iskar da muke shaƙa da tururin fetur na iya jawo gobara.

Wuraren da aka fi samun kafar su ne bakin tiyo inda roba ta tsufa, da robar da ke ƙarƙashin famfon mai a saman tanki, musamman idan an taɓa canza famfon ba a zaunar da ita daidai ba, da gwangwanin gawayi da dutse ya fasa. Motocin da suka fito daga jihohin arewacin Amurka, inda ake barbaɗa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kan zo da tsatsa a wuyan tanki. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin karkara kuwa kan hana bawul na biyu rufewa sosai, sai kwamfuta ta ɗauka huji ne.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ke ɓata tsarin, wato girgiza mota a gidan mai don a ƙara dura bayan famfo ya tsaya da kansa. Man da ya yi ambaliya kan gangara cikin gwangwanin, ya jiƙe gawayin da aka yi don tururi kawai.

Ko akwai haɗari?

Ƙaramar kafa ba ta lalata inji, man da ake asara ta cikinta ma kaɗan ne. Matsalar ita ce fitilar guda ɗaya ce tak ga ɗaruruwan matsaloli. Direban da ya saba ganinta a kunne, ko aka cire masa ƙwanta, ko aka liƙe ta da baƙin salatif, ba zai san ranar da wata matsala mai tsada ta ɓullo ba. Idan fitilar ta koma ƙiftawa, alama ce ta cewa inji ba ya ƙona mai daidai, lamarin da kan ƙone na'urar tace hayaƙi da ke jikin salansa. Idan kuwa ana jin warin fetur sosai ko ana ganin ɗigo, to wannan yoyon mai ne, bai kamata a ci gaba da tuƙi ba.

Kwamfuta ba ta kunna fitilar sai gwaji ya faɗi sau biyu a jere. Bayan gyara kuma, ko ba a goge lambar ba, fitilar kan mutu da kanta idan motar ta tsallake gwajin sau uku a jere, abin da kan fi sauƙin samuwa idan aka bar rabin tanki aka kuma tayar da ita da sanyin safiya.