Cutar Distemfa a Karnukan Ƙauyukan Hausawa na Jazira da Nilul Azraƙ: Ganewa, Jinya da Riga-kafi

Tsakure

Maƙalar ta dubi cutar distemfa ta fuskar yanayin Wad Madani da ƙauyukan Hausawa na kewayenta a ƙasar Sudan. An ɗauki abin da ilimin likitancin dabbobi ya tabbatar, aka auna shi da zafin yankin da halin da yaƙi ya bar shi a ciki. Matsayar maƙalar ita ce allurar riga-kafin da ake da ita ta wadatar. Abin da ke kayar da ita shi ne zafi, da kuskuren lokacin yin ta, da rikita cutar da haukan kare.

1.0 Gabatarwa

Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya ja jama'a zuwa gabas har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilul Azraƙ, kudu da Sinnar. Kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925 da buɗe gonakin audugar Jazira sun ƙara jawo Hausawa. A irin waɗannan ƙauyuka kare ma'aikaci ne: gadin gona, tsaron garke da farauta, ayyuka ukun da malaman fiƙihu suka halatta ajiye shi dominsu. Sai dai a sake yake kwana, a juji yake haɗuwa da 'yan'uwansa, kuɗin magani kuwa na akuya da saniya ne. Ta wannan ƙofa cutar ke shiga.

2.0 Asalin cutar da kamanninta

Likitan dabbobi Bafaranshe Henri Carré ne ya nuna a 1905 cewa bairos ke haddasa ta. Dangi ɗaya take da ƙyanda da kuma bushiyar shanu, wadda aka shelanta kawar da ita daga duniya a 2011. Ba ta kama mutum. Tana yaɗuwa ta tari da atishawa da haɗa kwanon ruwa, kuma karen da ya tashi yana iya ci gaba da zubar da ita har kwana 60 zuwa 90.

Zazzaɓi ke fara zuwa kwana 3 zuwa 6 bayan kamuwa, ya lafa, ya dawo. Daga nan sai kwantsa mai kauri ta liƙe ido, majina ta bushe a hanci, ga tari, ga amai da zawo. Mai kare kan ɗauka an rabu da Bukar idan waɗannan suka wuce, alhali bayan mako ɗaya zuwa uku cutar na iya taɓa ƙwaƙwalwa: tsoka ta riƙa motsi ita kaɗai ko da kare na barci, muƙamuƙi ya yi ta taunar iska da kumfa, sai farfaɗiya ko shanyewar ƙafafun baya. A wasu karnukan tafin ƙafa da kan hanci sukan yi kauri su tsattsage.

Wannan kumfar ce ke jawo ruɗani. Ana ganin ta sai a ce mahaukacin kare ne, a fito da sanduna. Kwantsa da zawon da suka gabata su ne ke karkata zato zuwa distemfa, amma ido kaɗai ba ya raba gardama. Saboda haka duk wanda irin wannan kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu na minti 15, ya nufi asibiti, a ɗaure karen a sa masa ido kwana 10.

3.0 Jinya

Babu maganin da ke kashe wannan bairos. Abin da likita ke yi shi ne ƙarin ruwa, da maganin amai, da na farfaɗiya, da maganin bakteriyar da ke samun kafa a huhu. Kafson da ake ɓarewa a zuba wa kare a abinci ba ya taɓa asalin cutar. A gida, a keɓe shi a inuwa, a goge masa ido da ruwan ɗumi, a wanke kwanonsa da sabulu a shanya a rana, domin bairos ɗin ba ya jure zafi. 'Yan kwikwiyo masu wata 3 zuwa 6 su suka fi mutuwa.

4.0 Riga-kafi da matsalar sanyi

Kwikwiyo na samun kariya daga dakashin uwarsa, kuma wannan kariyar tana iya kashe ƙarfin allura idan aka yi ta da wuri. Shi ya sa ake farawa a mako 6 zuwa 8, a maimaita kowane mako 2 zuwa 4 har ya kai mako 16, a ƙara ɗaya cikin shekarar farko, sannan duk bayan shekara 3. Allura ɗaya ga ɗan wata biyu, a ganina, kwantar da hankalin mai kare ne kawai.

Babbar matsalar ita ce ajiya. Allurar na ɗauke da bairos mai rai da aka raunana, tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma da an dama ta sai a yi amfani da ita nan take. A Wad Madani zafin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40. Ga shi birnin ya faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da gwamnati a Disambar 2023, sojojin gwamnati ba su karɓe shi ba sai Janairun 2025, aka bar wutar lantarki da asibitoci a lalace, karnuka da yawa kuma babu masu su. Kwalbar da ta yini a aljihu ruwa ce zalla.

Abin bai tsaya kan karnuka ba. A 1994 cutar ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na zakunan Serengeti a Tanzaniya, kuma an danganta ta da karnukan ƙauyukan kewaye. A wannan yankin ma, gandun dajin Dinder, wanda aka kafa a 1935, yana da zakuna da kuraye, makiyaya kuma na kai karnukansu har bakinsa.

5.0 Shawara

Ana kira ga hukumomin dabbobi na jihohin Jazira da Sinnar, da masana a Jami'ar Jazira, su haɗa allurar distemfa da ta haukan kare a zagayen riga-kafin garke, cikin akwatin sanyi ɗaya, a kuma sanar da ranar ta bakin limamai da masu unguwanni da Hausa da Larabci.