Mizanin Auna Kwatabak Bayan Wasan da Aka Tashi da Ƙaramar Tazara: Nazarin Karawar Buffalo da Kansas City ta 2022

Tsakure

Maƙalar nan tana bincike ne a kan wata al'ada da ta yi kaka-gida a wajen masu sharhin ƙwallon ƙafar Amurka, wato jingina wa kwatabak shi kaɗai nasara ko rashinta, ko da kuwa an tashi wasan da tazarar da ba ta wuce ci ɗaya ba. An ɗauki karawar Buffalo Bills da Kansas City Chiefs ta 23 ga Janairu, 2022, aka bi ta daki-daki, aka rarrabe abin da ya gudana ƙwallo na hannun Josh Allen, kwatabak na Buffalo, da abin da ya gudana yana zaune a benci. Abin da ya bayyana shi ne natijar irin wannan wasa shaida ce mai rauni, wadda bai halatta a gina hukunci a kanta ita kaɗai ba.

Muƙaddima

A ƙwallon ƙafar Amurka kowace ƙungiya tana da runduna uku waɗanda ba sa shiga fili lokaci guda: masu kai hari, da masu tsaro, da masu bugu. Kwatabak shi ne shugaban masu kai hari, shi ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane yunƙuri, ya jefa, ko ya ba wani, ko ya ruga da ita da kansa. An kuma ba shi yunƙuri huɗu ya ci yadi goma, in ya kāsa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya sami maki shida, wanda ya buga ta tsakanin sanduna ya sami uku. Ke nan, duk girman muƙamin kwatabak, kusan rabin wasa ɗan kallo ne kamar wanda ya sayi tikiti. Amma duk da haka shi ne ɗan wasan da jaridu ke rubuta wa adadin nasara da rashin nasara a gefen sunansa, alhali ba a yin haka ga mai tsaron baya ko mai cafe jifa.

Abin da magabata suka faɗa

Masu lissafi sun daɗe da gane aibin wannan al'ada. Virgil Carter, wanda shi kansa kwatabak ne a Cincinnati, da malaminsa Robert Machol sun wallafa nazari a 1971 inda suka ƙiyasta makin da ake tsammani daga kowane wuri a fili. Hukumar NFL ta karɓi ma'aunin jifa a 1973, wanda ƙololuwarsa 158.3 ce, tashar ESPN ta fito da nata ma'aunin a 2011. Ba ni da jayayya mai yawa da waɗannan, sai abu guda da zan ambata a wurinsa.

Jayayyata da jamhurun masu sharhi ce, waɗanda ke cewa kwatabak na gaskiya shi ne mai cin wasan da ya yi tsauri, kuma wai a nan ne ake gane namiji. Hujjar tasu tana da kwarjini, domin kuwa wanda ya ga mutum ya ɗauki rundunarsa daga bakin gidansu ya kai ta gaban sandunan abokan gaba, agogo na gudu, filin wasa na ruri, ba zai so a ce masa abin da ya gani sa'a ce ba. Sai dai malaman usulu sun koya mana bambanci tsakanin illar da hukunci ke rataye da ita da abin da kawai ya zo tare da hukuncin, kuma a nan ne ƙafar waɗannan masu sharhi ta zame. A dubi misali biyu. Ranar 27 ga Janairu, 1991, a wasan ƙarshe na Super Bowl, Jim Kelly na Buffalo ya karɓi ƙwallo a yadi na 10 na gidansu, saura minti 2 da daƙiƙa 16, ya kai ta yadi na 29 na New York Giants. Scott Norwood ya buga daga yadi 47, ƙwallo ta kauce dama, aka tashi 20 da 19. Ranar 3 ga Fabrairu, 2002, a wani Super Bowl ɗin, Tom Brady na New England ya tashi daga yadi na 17, ya kai ta yadi na 30 na St. Louis Rams; Adam Vinatieri ya buga daga yadi 48, ta shiga, aka tashi 20 da 17, aka naɗa Brady gwarzon wasa da jifan yadi 145 kacal. Mutum biyu sun ajiye ƙwallo kusan wuri ɗaya, ƙafar wani ce ta raba su, amma ɗaya aka ce an ga alamar sarauta a goshinsa, ɗaya kuwa har yau da rashin kofi ake tuna shi.

Ba masu kallo kaɗai wannan cuta ta kama ba. Jonathan Baron da John Hershey sun nuna a 1988 cewa mutane kan yaba shawara ko su kushe ta gwargwadon yadda ta ƙare, ko da an sanar da su cewa ƙarshen ba a hannun mai shawarar yake ba. Lefgren da Platt da Price kuma, a 2015, suka iske masu horar da ƙwallon kwando na NBA sun fi sauya 'yan wasansu bayan an doke su da ƙyar fiye da bayan sun ci da ƙyar. Idan kuwa cin wasa mai tsauri baiwa ce tabbatacciya, to, sai a yi mana bayanin Minnesota Vikings ta 2022 ƙarƙashin Kirk Cousins, wadda ta ci duk wasanni 11 da aka tashi da tazarar ci ɗaya, ta gama kaka da nasara 13 alhali ta ci maki 424 an ci ta 427, sa'an nan Giants suka fitar da ita a gida a wasan farko na sili ɗaya ƙwale da ci 31 da 24.

Hanyar bincike

An bi rubutaccen jerin yunƙuran wasan tare da hotonsa na bidiyo, aka kasa kowane al'amari gida uku: wanda ke hannun kwatabak, da wanda ya yi tarayya da wasu a cikinsa, da wanda ya auku ba ya cikin fili. Abin da aka fi lura da shi shi ne halin da ya bar wasa a ciki sa'ad da ƙwallo ta fita hannunsa fita ta ƙarshe.

Abin da bincike ya gano

A filin Arrowhead aka yi wasan, kuma a cikin minti biyu na ƙarshen lokacin doka aka ci maki 25. Kansas City na gaba da 26 da 21 lokacin da Allen ya ja rundunarsa tafiyar yadi 75, wadda sau biyu ta kai bakin mutuwa: a yunƙuri na huɗu ana neman yadi 4, masu tsaro sun rutsa shi, ya zille ya ci yadin da ƙafarsa, a wani yunƙuri na huɗu ana neman yadi 13, ya sami Gabriel Davis da jifan yadi 27, aka ƙara maki biyu ta hannun Stefon Diggs, Buffalo ta wuce gaba 29 da 26, saura minti 1 da daƙiƙa 54. Patrick Mahomes, kwatabak na Kansas City, ya mayar da martani ta hannun Tyreek Hill, wanda ya cafe gajeren jifa ya tsere wa kowa, yadi 64, aka koma 33 da 29, saura minti 1 da daƙiƙa 2. A cikin daƙiƙa 49 Allen ya sāke cin yadi 75, ya kuma sami Davis daga yadi 19, ci na huɗu ke nan da Davis ya yi a daren nan. Allo ya nuna 36 da 33, saura daƙiƙa 13. Daga wannan lokaci Allen bai sāke yin yunƙurin hari ko ɗaya ba.

Yanzu sai a ƙirga abin da ya biyo baya, a kuma tambayi wanne daga ciki ne za a rubuta a littafinsa. Masu bugun Buffalo suka doka ƙwallo har ta wuce ƙarshen fili, don haka agogo bai motsa ko daƙiƙa ɗaya ba, alhali da an buga ta gajere cikin fili da la'alla ta cinye wani abu daga cikin 13 ɗin nan. Masu tsaro, waɗanda su ne na ɗaya a NFL a kakar nan wajen hana ci da hana yadi, suka ja da baya nesa suna tsoron dogon jifa, suka bar tsakiyar fili a buɗe ga ƙungiyar da ke da ikon tsayar da agogo. Mahomes ya ba Hill ya ci yadi 19, ya ba Travis Kelce ya ci 25, Harrison Butker ya buga daga yadi 49 aka yi kunnen doki. Aka jefa kwabo domin ƙarin lokaci, ƙuri'a ta faɗa wa Kansas City, kuma bisa dokar wancan zamani wanda ya fara kai ƙwallo ƙarshen fili ya gama wasa. Kelce ya cafe jifan yadi 8, aka tashi 42 da 36. Shawarar bugu ta masu horarwa ce, tsarin tsaro nasu ne, kwabo kuwa ba na kowa ba ne. Duk da haka a littafin tarihi an rubuta wa Allen rashin nasara guda, daidai da wadda za a rubuta wa wanda ya zubar da ƙwallo sau huɗu, kuma wannan a ganina zalunci ne a cikin hisabi.

Alƙalumansa a daren nan su ne jifa 37, an cafe 27, yadi 329, ci 4, ba a ƙwace masa ko ɗaya ba. Ma'aunin jifa ya ba shi 136.0, ya ba Mahomes 123.1 a kan jifa 44, an cafe 33, yadi 378, ci 3. A nan ne nake saɓa wa masu dogaro da wannan ma'auni, domin ba zan yarda a kwaɓe zalunci da wani zaluncin ba, a ce Allen ya fi Mahomes da tazarar 13. Ma'aunin bai san gudu ba, alhali Allen ya ci yadi 68 da ƙafa, Mahomes 69 har da ci ɗaya, kowannensu kuma shi ne ya fi kowa gudu a ƙungiyarsa. Bai kuma rarrabe jifan da ya tafi nesa a sama da wanda mai cafewa ya ƙarasa da gudunsa ba. Har ila yau, Butker ya ɓarar da bugun yadi 50 kafin hutun rabin lokaci, ya kuma ɓarar da bugun ƙarin maki ɗaya. Da waɗannan maki huɗu sun shiga, da wataƙila babu mai maganar daƙiƙa 13 a yau. Ƙaddara ta taɓa kowane ɓangare, kuma abin da ya rage bayan an cire rabonta shi ne mutum biyu waɗanda kowannensu, a duk lokacin da aka miƙa masa ƙwallo yana baya a waɗannan mintuna, ya mayar da ita yana gaba ko an yi daidai.

Hujja mafi ƙarfi kuwa Mahomes ne da kansa. Ranar 20 ga Janairu, 2019, a wannan fili na Arrowhead, New England ta ci ƙuri'ar kwabo ta doke Kansas City 37 da 31 yana tsaye a gefe bai taɓa ƙwallo a ƙarin lokaci ba. Mako guda bayan ya doke Buffalo kuma, ƙuri'ar ta sāke faɗa masa a kan Cincinnati, aka cafke jifansa, aka fitar da su 27 da 24. Mutum ɗaya ne a duk wasannin uku, kuma mai ƙirga nasara dole ya ce mana darajarsa ta sauya sau uku. Masu ƙungiyoyin NFL ma sun yi iƙirari da wannan a aikace, domin a watan Maris na 2022 sun sauya doka da ƙuri'a 29 da 3, cewa a wasannin sili ɗaya ƙwale dole kowace ƙungiya ta sami ƙwallo a ƙarin lokaci, bayan an lura cewa tun daga dokar 2010 wanda ya ci ƙuri'ar kwabo ya ci wasa 10 cikin 12.

Iyakar binciken

Za a ce wasa ɗaya ba ya kafa ƙa'ida, kuma na zaɓi wanda ya fi dacewa da da'awata. Wannan gaskiya ne, ko da yake wanda ke naɗa gwarzo a kan bugu ɗaya bai cancanci ya kawo wannan ƙorafi ba. Haka kuma gida na biyu, na tarayya, bai rabu sarai ba: a cin yadi 27 mai tsaron da ke bin Davis ya faɗi ƙasa, kuma Tyrann Mathieu, jigon tsaron bayan Kansas City, ya fita tun farkon wasa saboda bugu a ka, don haka wani kaso na alƙaluman Allen ba nasa ba ne shi kaɗai. Raba wannan kaso yana bukatar bayanan na'urorin da ke bin motsin kowane ɗan wasa a fili, da kuma faɗaɗa nazarin ya game dukkan wasannin sili ɗaya ƙwale da suka kai ƙarin lokaci tsakanin 2010 da 2022.