Asalin Wiskin Ailan da Burbon na Amurka

A garin Midleton na ƙasar Ailan da garin Bardstown na jihar Kentaki a Amurka akwai mutanen da hancinsu ne jarinsu. Aikinsu kullum shi ne su ɗebo ruwa kalar zuma daga gangunan katako, su shinshina, su faɗi wanda ya nuna da wanda ke da sauran shekaru. A miƙa musu kofi biyu masu kama ɗaya, nan take za su ce wannan burbon ne, wancan wiskin Ailan. Na farko yana ƙamshin sukarin da ya sha wuta, na biyu yana ƙamshin ɗanyen hatsi da 'ya'yan itace. Dukansu barasa ce, wadda Musulunci ya haramta, likitoci kuma suka daɗe suna gargaɗi a kanta. Amma bambancin da hancin nan ke ji tarihi ne ya haife shi: irin hatsin da ƙasa ta yarda ta bayar, harajin da sarakuna suka ɗora, da dokokin da majalisu suka kafa.

Tushen sana'ar yana wurin masu turare da masu magani. A Bagadaza, cikin ƙarni na 9, masanin nan Al-Kindi ya rubuta littafi a kan turare wanda ya ƙunshi haɗi fiye da 100, ya kuma bayyana yadda ake tace ruwan fure ta hanyar tururi. Dabarar ba ta da wuya. Ana dafa ruwa a rufaffiyar tukunya, tururi ya bi ta wani bututu mai sanyi, ya koma ruwa ya ɗiga a wani mazubi. Da littattafan Larabci suka shiga Turai ta hannun masu fassara a ƙarni na 12, sai likitoci da limaman Kirista suka gwada dabarar a kan giyar inabi. Sinadarin barasa yana tafasa a zafi 78 a ma'aunin Salshiyas, ruwa kuwa sai ya kai 100, don haka barasar ce ke fara tashi. Abin da suka samu sun ɗauke shi magani, suna ba marasa lafiya da cokali.

Inabi ba ya yi a Ailan, ƙasa ce ta sanyi da yawan ruwan sama. Sha'ir ne ke yi. Sai mutanen can suka riƙa jiƙa sha'ir har ya yi tsiro, kamar yadda ake tsirar da dawa, su shanya shi, su niƙa, su dama da ruwan zafi, su zuba yis ya tashi, sannan su tace a tukunyar tagulla. Kundin tarihi na Clonmacnoise ya ambaci wannan abin sha a shekarar 1405, kuma ba da alheri ba: wani basarake ne ya sha ya wuce kima a lokacin Kirsimeti, ya mutu. Rubutu na farko da aka samu a Sikotland ya zo ne a 1494.

Daga nan hukuma ta sa ido. A 1608 gwamnatin Sarki James na Ɗaya na Ingila ta ba Sir Thomas Phillips lasisin tace wiski a yankin Bushmills da ke arewacin tsibirin, kuma shekarar ce kamfanin Bushmills ke bugawa a jikin kwalabensa har yau. A 1661 aka ɗora wa wiski haraji. Masu hali suka yi rajista suna biya, talakawan karkara suka kwashe ƙananan tukwanensu suka shige duwatsu da fadamu, inda suka yi ta dafa wata haramtacciyar barasa mai suna pocin shekara da shekaru. Manyan matatu suka fara bayyana: Kilbeggan a 1757, ta John Jameson a titin Bow na Dublin a 1780, ta gidan Power a 1791.

Harajin 1785 ne ya ba wiskin Ailan ɗanɗanonsa. A shekarar aka ɗora kuɗi a kan tsirarren sha'ir. Masu matatu suka duba, suka ga ɗanyen sha'ir ba ya cikin lissafin mai karɓar haraji, sai suka riƙa gauraya shi da tsirarren don rage asara. Abin da aka yi don tsimi sai ya zo da armashi, domin ɗanyen sha'ir yana ba wiski maiƙo a baki da ɗan yaji-yaji a harshe. Ko da aka janye harajin, ba wanda ya koma wa tsohuwar hanya. Dokar yau ta ce wannan nau'i dole ya ƙunshi aƙalla kashi 30 cikin ɗari na tsirarren sha'ir da kashi 30 na ɗanye. Matatun ƙasar da yawa suna tacewa sau uku, ba sa kuma busar da tsiro da hayaƙin ƙasar fadama kamar yadda wasu matatun Sikotland ke yi, shi ya sa nasu ya fi laushi. A ƙarni na 19 Dublin ce ke riƙe da kambun wiski a duniya, matatar George Roe kaɗai tana fitar da galan wajen miliyan 2 a shekara.

Kafin lokacin, sana'ar ta riga ta tsallaka teku. 'Yan cirani daga Ailan da Sikotland da Jamus sun zauna a Pennsylvania da Maryland, inda suka tarar da rai, wani hatsi ɗan'uwan alkama, ya fi sha'ir albarka, suka riƙa tace shi. Waɗanda suka nausa yamma suka haye duwatsu zuwa Kentaki kuwa masara suka samu. Dokar filaye ta 1779 ta jihar Virginia, wadda Kentaki ke ƙarƙashinta a lokacin, ta ba da eka 400 ga duk wanda ya riga ya zauna ya shuka masara a yankin. Masara ta yi yabanya har ta fi ƙarfin rumbu, ga kasuwa da nisa, ga babu hanya. Manomi ya gane cewa idan ya mayar da amfanin gonarsa wiski, kayan zai ragu, ba zai ruɓe ba, kuma zai yi kuɗi. A wasu ƙauyuka ma da shi ake ciniki a madadin tsabar kuɗi. Ruwan Kentaki ya taimaka, domin yana ratsowa ne ta dutsen farar ƙasa wanda ke tsane sinadarin ƙarfe, shi kuwa ƙarfe ɓata launin wiski yake yi.

A 1791 sakataren baitulmalin Amurka, Alexander Hamilton, ya sa aka ɗora wa wiski haraji don biyan bashin yaƙin neman 'yanci. Manoman yammacin Pennsylvania suka ce ba su san zancen ba, suka yi ta wulaƙanta masu karɓar haraji. A 1794 Shugaba George Washington ya tara dakaru kusan 13,000, boren ya watse ba tare da gwabzawa ba. Shekara uku bayan haka shi kansa Washington ya gina matata a gonarsa ta Mount Vernon, wadda a 1799 ta fitar da galan kusan 11,000. Bayi shida ne ke aikin tukwanen. Haka abin yake a matatu da dama na Kentaki da Tennessee: baƙaƙen fata da aka bautar su ne ke noman masara, su sare itace, su tsare wuta. Nearest Green, wanda ya koya wa mai matatar wiskin nan Jack Daniel sana'ar, bawa ne a lokacin.

Sunan burbon daga gidan sarautar Faransa ya fito. A 1785 aka yanki wata babbar gunduma a Kentaki aka sa mata suna Bourbon don gode wa Faransa kan taimakon da ta bayar a yaƙi da Ingila. Daga yankin ake loda ganguna a kwale-kwalen katako, su bi kogin Ohio su faɗa Mississippi har New Orleans. Tafiya ce ta watanni. Wiskin da ya bar gida fari kamar ruwa sai ya isa da launin ja da ɗanɗano mai laushi, masu saye suka fara nemansa da suna.

Sirrin yana cikin gangar. Da katakon wata bishiya mai tauri da ake kira ok ake yin ta, kuma kafin a rufe ta sai an babbake cikinta da wuta. Labarin baka yana danganta wannan dabara ga Elijah Craig, wani mai wa'azin cocin Baftis, a 1789, ko da yake masana tarihi sun fi ganin ta daɗe a hannun maƙeran ganga. Wutar ba ta daɗewa. Babbaka mai lamba 4 daƙiƙa 55 ce, tana barin cikin gangar ya tsattsage kamar bayan kada. Zafin yana narkar da sukarin da ke jikin katako, ya kuma fito da sinadarin da ke ba banila ƙamshinta. Gawayin da ya saura yana tsotse ɗoyi. Lokacin zafi wiski ya kumbura ya shige cikin katako, lokacin sanyi ya janye ya fito da launi da zaƙi. Wanda ya sa wa aikin ma'auni shi ne James Crow, wani ɗan Sikotland da ya karanci likitanci, wanda tun shekarun 1830 ya shigo da na'urar awon zafi da ta sukari, ya kuma daidaita al'adar zuba ragowar tsamin dahuwar jiya a cikin ta yau don ɗanɗano ya tsaya iri ɗaya.

Kasuwa na buɗewa sai 'yan algus suka shigo, suna rina barasa mai arha da ruwan taba ko ƙonannen sukari su sayar da sunan burbon. George Garvin Brown ya fara sayar da wiskinsa mai suna Old Forester a rufaffiyar kwalba a 1870 don mai saye ya san abin da ya biya. A 1897, da ƙoƙarin Kanar E. H. Taylor, majalisa ta yi dokar da ta ba da hatimin gwamnati ga wiskin da matata ɗaya ta tace a kaka ɗaya, ya kwana shekara 4 a rumbun da hukuma ke tsaro, aka kuma ɗura shi da ƙarfin kashi 50 cikin ɗari.

A Ailan kuwa rana ta fara yin sanyi. A 1830 Aeneas Coffey, tsohon jami'in haraji ɗan ƙasar, ya yi rajistar wata doguwar na'ura mai tacewa ba tsayawa, da arha kuma. Manyan Dublin suka raina ta, suka ce abin da take fitarwa ba wiski ba ne. 'Yan Sikotland suka rungume ta, suka gauraya nata da na tukunya, suka cika kasuwannin duniya. A 1838 wani limamin Katolika, Theobald Mathew, ya tashi da gangamin daina shan barasa daga birnin Cork, ganin yadda maye ke rusa gidaje, miliyoyin mutane suka yi masa alkawari. Sannan yaƙin neman 'yanci na 1919 zuwa 1921 ya zo, Amurka ta haramta barasa daga 1920 zuwa 1933, rikicin ciniki da Birtaniya ya toshe kasuwannin daularta daga 1932. A 1966 Jameson da Power da kamfanin Cork suka haɗe don su tsira. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 matata biyu kacal suka rage a duk tsibirin, Midleton da Bushmills. Kentaki ma ta ji jiki, domin kamfanoni shida kawai aka bari su sayar da wiski a matsayin magani a shekarun haramcin.

Doka ce ta sake ɗaga su biyun, ita ce kuma ta ƙulla su. A ranar 4 ga Mayu 1964 majalisar Amurka ta ayyana burbon a matsayin kayan ƙasar na musamman. Dole masara ta kai kashi 51 cikin ɗari na hatsinsa, dole a zuba shi a sabuwar gangar ok da aka babbake, ba a kuma ƙara masa launi. Dokar Ailan ta 1980 ta ce wiskinta sai ya yi aƙalla shekara 3 a gangar katako a kan tsibirin, amma ba ta ce sabuwa ba. Tun da mai burbon ba ya maimaita ganga, sai ya sayar da ita da sauƙi, jiragen ruwa su kwashe zuwa Ailan da Sikotland. Ɗan ƙamshin banila da ake ji a Jameson daga Kentaki ya taso. Wasu, kamar Redbreast, suna haɗawa da gangunan giyar sheri daga Jerez ta ƙasar Sifen, waɗanda ke kawo ɗanɗanon busasshen inabi.

Masu gwaji a matatu suna amfani da ƙaramin kofi mai faɗin ciki da tsukakken baki, wanda ke tara ƙamshi wuri ɗaya. Sukan fara da duba launi, sannan su kai hanci a hankali da baki a ɗan buɗe don kada zafin barasar ya dushe musu ji. Sukan ɗiga ruwa kaɗan, ƙamshin da ke ɓoye ya fito. Mai haɗa wiski yakan bi samfura da yawa a wuni, galibi da hanci kawai, in ya ɗanɗana ma ya tofar. A burbon yana neman zaƙin masara, da banila, da kwakwa, sai yajin rai, ko taushin alkama idan irin na Maker's Mark ne. A na Ailan yana neman maiƙon ɗanyen sha'ir da ƙamshin tuffa. Yanayi ma yana cikin lissafinsa: a sanyin Ailan ganga tana asarar kusan kashi 2 cikin ɗari a shekara ta hanyar tururi, a zafin Kentaki asarar ta fi haka, wiskin kuma ya fi saurin nuna.

John Teeling ya buɗe matatar Cooley a 1987, kamfanin Pernod Ricard na Faransa ya sayi gamayyar Jameson a 1988 ya kai hajarta kasuwannin duniya, kuma yau matatun Ailan sun haura 40. Kentaki ita ke fitar da kusan kashi 95 cikin ɗari na burbon, kuma gangunan da ke jere a rumbunanta sun ninka mutanen jihar fiye da sau biyu.