Mashayar Ayalan, majalisar da tsada ke cinyewa

Jama'a, tun da na dawo daga Ayalan ake tambayata labarin sanyi da ruwan sama, amma ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Ranar da muka sauka Dublin yunwa ta dame ni, abokan aikinmu 'yan ƙasar suka ce mu je mu ci abinci, sai na ga mun doshi mashaya. Na ja tunga a bakin ƙofa. Suka yi dariya, suka ce a nan kowa ke ci, mai sha da wanda ba ya sha. Ni dai kifi da soyayyen dankali na ci, na kora da shayi. Da aka kawo lissafi kuwa, wallahi sai da na sake duba takardar.

Duk inda ka zauna hirar ɗaya ce, kuɗin kofin giya. Yadda mu muke auna tsadar rayuwa da kwanon masara ko litar fetur, su da kofin Guinness suke aunawa. A unguwar Temple Bar, inda baƙi ke tururuwa, kofi ɗaya (ya ɗan haura rabin lita) yana kai wa wajen Yuro 10. A ƙananan garuruwa ya fi sauƙi sosai, shi ya sa ɗan gari yake kallon mai shiga unguwar a matsayin baƙon da bai san dawan garin ba.

Abin yana da tarihi. A 1759 Arthur Guinness ya karɓi hayar masana'antar St James's Gate a kan Fam 45 a shekara, hayar shekara 9,000. E, dubu tara, ban yi kuskuren rubutu ba. Kamfanin nan ne ya kafa masana'anta a Ikeja ta Legas a farkon shekarun 1960.

Sai dai mashaya a ƙauyen Ayalan ba wurin sha ba ne kawai. A da, sau da yawa kanti ce, ana sayar da shayi da sukari da ƙusa a gefe guda. A nan ake ƙulla cinikin shanu, a nan ake taruwa bayan jana'iza. Majalisar gari ce, a da ta maza ce. A wancan lokacin mata a wani ɗan lungu da aka kange ake ajiye su, kuma har shekarun 1970 akwai masu mashayar da ke ƙin sayar musu da cikakken kofi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a ƙasar nan aka yi ɗaya daga cikin manyan yunƙurin barin giya a tarihin Turai. A 1838 wani limamin Katolika, Fada Theobald Mathew, ya fara karɓar alkawarin daina sha a birnin Cork. Cikin 'yan shekaru miliyoyin mutane suka yi alkawari, a ƙasar da jama'arta ba su wuce miliyan 8 da ɗoriya ba. Sai babbar yunwar da ta fara a 1845 ta zo, mutum kusan miliyan 1 suka mutu, wasu kamar haka suka yi hijira, yunƙurin ya watse. Na tsaya gaban mutum-mutuminsa a Cork, a babban titin kasuwa, ga mashayu kewaye da shi ta ko'ina.

Doka ma ta daɗe tana kokawa da lamarin. Daga 1927 an hana sayar da giya a Juma'ar da ke gaban Ista, sai a 2018 aka ɗage. A watan Maris 2004 Ayalan ta zama ƙasa ta farko da ta hana shan taba a duk wuraren aiki, har da mashaya. A Janairu 2022 gwamnati ta ƙayyade mafi ƙarancin farashin giya, don kada kantuna su riƙa sayar da ita da arha.

To yanzu fa mashayun rufewa suke yi. Daga 2005 zuwa yau sama da 2,000 sun rufe, akasarinsu a karkara. An tsananta dokar tuƙi cikin maye, kuɗin wuta da inshora sun hau, matasa kuma sun rage sha. Waɗanda suka rage sun jingina da sayar da abinci, shi ma harajinsa ya tashi daga kashi 9 zuwa 13.5 cikin ɗari a Satumba 2023. Ka ga dalilin da kifina ya yi tsada ke nan.

Ni a wajena raguwar sha alheri ne, ba na ɓoye wannan. Amma wani dattijo manomi da muka haɗu a jirgin ƙasa ya ce mini tun da aka rufe ta ƙauyensu, sai ya yi kwana huɗu bai yi magana da kowa ba sai karensa. Na tambaye shi me ya saba sha a can. Ya ce ai shi shekara talatin ke nan rabonsa da giya, lemo yake saye ya zauna.