Masallacin Babban Gwani da waɗanda suka auna shi

Duk shekara muna taya yaranmu murnar kammala digiri a fannin zanen gine-gine, amma in an zo digiri na biyu sai kusan kowa ya nufi inda kwangila take. Tarihin gini kuwa ana yi masa kallon karatun wanda ya rasa abin yi. To, bari mu duba abin da wannan karatu ya ceto mana.

A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, aka gina masallacin Juma'a na Zariya. Magininsa shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani. Babu siminti, babu rodi, tubali ne da ƙasa da azara. Ita azara in ɗaki ya yi faɗi lanƙwashewa take yi, don haka magina ke ɗaura ta hawa-hawa daga jikin bango, kowane hawa ya ɗan zarce na ƙasansa, a lulluɓe da ƙasa har bakan gizo ya fito. Baka ya haɗu da baka a tsakiya, rufi ya tashi kamar an kife ƙwarya. Wannan lissafi duk a ka da hannu yake, uba ya koya wa ɗa.

A shekarun 1970 aka yi wa masallacin sabon gini na kankare. Wani sashe na tsohon ya tafi, babban ɗakin salla kuma ya koma cikin sabon ginin. Abin da ya taimake mu shi ne masu bincike sun auna shi. Zbigniew Dmochowski, mutumin ƙasar Folan, ya yi shekaru yana zagaya Najeriya da mataimakansa 'yan ƙasa suna awo da zane. Ya rasu a 1982, littattafansa uku suka fito a 1990, kuma a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ya assasa a Jos an gina kwatankwacin masallacin. Shi kuwa Hamman Tukur Saad, a digirinsa na uku a Jami'ar Michigan ta Amurka a 1981, wurin magina ya je ya ji yadda su da kansu suke bambance kyakkyawan gini da mummuna. A ganinmu wannan tambaya ta fi awon ma wuya.

Mu da ke zaune a kudu muna da namu. Sabo ta Ibadan tun 1916 aka kafa ta, kuma gidajen masu gida na zamanin cinikin goro da shanu, masu zaure da jerin ɗakunan sauke fatake, tarihi ne a tsaye. Yau zaure na komawa shago, gida na komawa bene, dattawan da suka san wa ya gina me suna ƙarewa. Ɗalibinmu da ke karatu a Ibadan ko Legas ba sai ya je nesa neman abin bincike ba. Ya fi baƙo dama, domin shi in ya yi sallama za a ce ya shigo har cikin gida.