Shimfiɗa parke a ɗaki da hannunka

Parken da muke magana a kansa ba katako ba ne zalla. Garin katako ne aka danne, aka liƙa masa hoton itace, aka rufe da fata mai tauri. Kamfanin Perstorp na ƙasar Suwidin ya ƙirƙiro shi a 1977. Na yanzu ba ya son ƙusa ko gam, allunan saƙale juna suke.

Daɓen siminti ya zamana busasshe, ba tudu ba kwari. A ajiye kwalayen cikin ɗakin awa 48 kafin aiki. A shimfiɗa leda, a bi da siririn soso, a fara jerawa daga gindin bango. Nan fa ake yawan kuskure: sai an bar tazarar milimita 8 zuwa 10 tsakaninsa da bango. Allon da aka matse da hunturu, damina na sauka zai sha laima ya kumbura, tsakiyar ɗaki ta taso, kuɗi sun tafi.

Mu nan yashi ke kankare shi, don haka a aje tabarma bakin ƙofa. Goge kuma da tsumma matsattse kawai. Banɗaki da madafa, mu dai karo muka fi yarda da shi.