Barikokin Soja A Najeriya: Inda Kuɗin Gini Da Gyara Ke Fitowa

Bariki gari ne guda mai zaman kansa. Ban da filin fareti da ma'ajiyar makamai, akwai gidajen hafsoshi da na ƙananan sojoji, da makarantu, da asibiti, da masallaci da coci, da kasuwar Mami. Matan sojoji ma suna da shugabarsu da ake kira Magajiya har a barikokin kudancin ƙasar, abin da ya samo asali tun zamanin da Hausa ce harshen umurni a rundunar. Saboda haka idan aka ce an ware kuɗin gyaran bariki, magana ce ta rufin ɗaki da ruwan sha da wutar lantarki na dubban iyalai.

Tushen ƙarancin muhalli

Matsalar gidajen sojoji ta faro ne daga yaƙin basasa. Kafin a fara shi a shekarar 1967, sojojin ƙasa ba su wuce kusan dubu 10 ba, kuma barikokin da Turawan mulkin mallaka suka bari a Zariya da Kaduna da Legas da Ibadan da Inugu sun wadace su. A lokacin da aka gama yaƙin a 1970, yawansu ya kai kusan dubu 250. Babu inda za a saka su. Da yawa sun zauna a gidajen haya cikin gari ko a rumfunan kwano na wucin gadi, lamarin da ya riƙa haddasa rikici tsakaninsu da fararen hula.

Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yi niyyar magance wannan da kuɗin man fetur da suka kwararo bayan 1973. A nan ne aka yi ɗaya daga cikin manyan asarorin da ƙasar ta taɓa gani. Hukumomin gwamnati sun yi odar siminti kusan tan miliyan 20, kuma Ma'aikatar Tsaro kaɗai ke da tan miliyan 16 a ciki, alhali tashar jiragen ruwa ta Legas ba za ta iya sauke ko kashi ɗaya cikin goma na wannan a shekara ba. A 1975 jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku suna jiran layi, ƙasa na biyan kuɗin jinkiri a kowace rana, simintin kuma na daskarewa a cikin wasunsu. An gina barikoki da dama a shekarun da suka biyo baya, kuma yawancin dogayen gine-ginen da kofur-kofur da iyalansu ke ciki a yau na wancan zamani ne. Sun haura shekara 40.

Hanyoyin samun kuɗi

Babbar hanya ita ce kasafin kuɗin shekara-shekara na tarayya, domin tsaro na cikin abubuwan da kundin tsarin mulkin 1999 ya keɓe wa gwamnatin tarayya ita kaɗai. Hedikwatar sojin ƙasa ce ke tsara buƙatunta, su bi ta Ma'aikatar Tsaro, sannan kwamitocin kula da sojin ƙasa na Majalisar Dattawa da ta Wakilai su tantance. Kaso mafi tsoka na abin da rundunar ke samu albashi da alawus ne ke cinye shi. Gini da gyara suna ƙarƙashin kason manyan ayyuka, inda suke gogayya da sayen motocin sulke da harsasai. A ƙasar da ke yaƙi da 'yan ta'adda, kowa ya san wanda zai yi nasara a wannan gogayya. Sannan abin da aka rubuta a kasafi daban, abin da aka saki daban. Aiki kan tsaya a tsakiya idan kuɗi suka makale, farashin siminti da rodi kuma ba sa jiran kowa.

Akwai kuma kuɗaɗen musamman. A Disambar 2017 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince a cire dala biliyan 1 daga asusun rarar man fetur domin yaƙi da Boko Haram, haka kuma ƙwarya-ƙwaryar kasafin 2021 da ta 2023 sun ba tsaro kaso mai yawa. Sai dai makamai da kayan yaƙi ne suka fi cin gajiyar irin waɗannan kuɗi. A zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo an kafa kwamitin shugaban ƙasa kan gyaran barikoki domin aikin ya sami mai kula da shi na musamman.

Gwamnatocin jihohi su ma suna sa hannu, duk da cewa ba haƙƙinsu ba ne. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamnoni, don haka su ne ke ba da filin sabon bariki, wasu kuma har su gina sansanin su miƙa wa rundunar domin a girke musu sojoji a yankunan da ke fama da 'yan bindiga. Rundunar da kanta kan yi amfani da injiniyoyinta wajen yin wasu ayyuka kai tsaye ba tare da ɗan kwangila ba, ƙungiyar matan hafsoshi ta NAOWA kuma na gudanar da makarantu da cibiyoyin koyon sana'a a barikoki da yawa.

Sabbin gine-gine da tsofaffin basussuka

Buƙatar ta ƙaru da faɗaɗar rundunar. An kafa Runduna ta 7 a Maiduguri a 2013, ta 6 a Fatakwal a 2016, daga baya aka ajiye hedikwatar ta 8 a Sakkwato, kuma kowacce na buƙatar ofisoshi da gidaje da asibiti. A Abuja an buɗe barikin Muhammadu Buhari a Giri, sannan a Janairun 2025 aka ƙaddamar da barikin Bola Ahmed Tinubu a Asokoro. A zamanin marigayi Laftanar Janar Taoreed Lagbaja rundunar ta gudanar da shirin bai wa sojoji damar mallakar gida mai rahusa, domin wanda ya yi ritaya dole ya bar ɗakin bariki ga na baya.

Sabon gini yana da ranar yanke ƙyalle da hotuna. Gyaran bututun ruwa da yashe masai da biyan kuɗin wuta ba su da wannan gata, kuma a nan ne giɓin ya fi faɗi. A Fabrairun 2024 Janar Lagbaja ya je wurin Ministan Lantarki Adebayo Adelabu kan duhun da barikoki ke ciki, inda aka bayyana cewa kamfanonin rarraba wuta na bin su bashin kusan naira biliyan 42. Bariki marar wuta ba iyalai kaɗai yake takura wa ba, har da ɗakin tiyata da famfunan rijiyar burtsatse da na'urorin sadarwa.

Haɗarin sakaci da gyara ba ya tsayawa a cikin katanga. Ranar Lahadi 27 ga Janairun 2002, gobara ta kai ga ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja, bama-bamai suka riƙa tashi suna faɗawa unguwanni. Mutane fiye da dubu 1 suka rasu, akasarinsu sun nutse ne a magudanar ruwa ta Oke-Afa yayin gudun tsira. An gina barikin ne a lokacin da wurin ke bayan gari, sai birni ya girma ya kewaye shi. Haka lamarin yake a yau ga barikin Bukavu a Kano da na Giwa a Maiduguri, wanda 'yan Boko Haram suka kai wa hari a ranar 14 ga Maris 2014. Wannan ne ya sa katange filayen soja da inganta rumbunan makamai suka shiga cikin abubuwan da rundunar ke neman kuɗi dominsu, tare da gidajen kofur-kofur da ƙananan asibitoci.